Neman shawara: na tsinci littafi a adakar Baba, yanzu ta ina zan ci gaba?

Mai POS na Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu karatun cikinmu. Ina da 'yar rumfar POS a Sabon Gari, kuma daga azahar zuwa la'asar kasuwa mutuwa take yi, sai in zauna ina ta latsa waya har caji ya ƙare ban ƙaru da komai ba. Tun da na gama NCE ban ƙara buɗe littafi ba in ban da Alƙur'ani. A makarantar ma handawut muka yi ta haddacewa.

Watan jiya muna kwashe kayan Baba, Allah Ya jiƙansa, na tsinci wani littafi a ƙasan adakarsa. Ba bango, gara ta ci gefensa, shi da kansa ya sa allura da zare ya ɗinke shi. Rubutun hannunsa na gefen shafi kawai na tsaya dubawa, sai ga ni tsundum cikin labarin wani aku mai shegen surutu da ɗan sarki Musa. Kwana uku na cinye shi. Yayarmu ce ta ce ai Magana Jari Ce ne, na ɗaya.

Yanzu abin ya shiga raina. Ina son tarihin rayuwar manyan mutane, ina son labarai, ina son in gyara Turancina, ga kuma Larabci, don ina karatun Alƙur'ani ba na jin ma'ana. Dubu biyar zan iya warewa a wata. Na ma fara da asara: na sayi wani na Turanci a bakin titi, sai a gida na ga daga shafi na 60 ya yi tsalle zuwa na 93, mai kayan kuma ya ce ba a mayarwa. Ta ina zan kama?

Tsohon Malami, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa aljanna makoma. Kai dai ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan littafi da ka tsinta a garin nan aka rubuta shi. Dakta East na Hukumar Talifi ne ya ɗauko Abubakar Imam daga koyarwa a Katsina ya kawo shi Zariya don ya rubuta littafin, aka fara buga shi a 1937. A nan Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, Kamfanin Gaskiya na Tukur-Tukur aka kafa shi a 1945, sannan NNPC a 1966. Ba NNPC ta man fetur ba fa, kamfanin buga littattafan Arewa nake nufi, yaran yanzu kullum sai sun rikita su.

Shawarata, kada ka yi nisa tukuna. Nemi na biyu da na uku ka ƙarasa. Daga nan ka bi guda biyar ɗin da suka fito daga gasar 1933: Ruwan Bagaja na Imam ɗin, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida, mutumin Wusasa, shi da East. Sirara ne duka, kowanne zaman yini biyu a rumfarka. Ruwan Bagaja dariya za ka sha. Shaihu Umar kuwa, inda uwar ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada, shekara talatin ina koyar da shi amma ban taɓa karanta wurin ga ɗalibai muryata ba ta rawa ba.

In ka gama waɗannan, Tafiya Mabuɗin Ilimi ne zai tsallakar da kai zuwa labarin gaskiya. Tafiyar Imam ce zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Jukun:
Baba Malam, a gafarce ni, jerin nan naka duk maza ne. Ƙanena, tunda tarihin rayuwa kake so, ba sai na sarki ko firimiya ba. Akwai labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarinta tun daga ƙuruciya, a nan Giwa da Zariya, wajen 1949 zuwa 1950. An buga shi da Turanci a 1954, daga baya na Hausar ya fito. Ta ga zuwan Turawa da idonta, ta ga zamanin bayi, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan wasu. Yadda take bayanin ƙawance da kishi da zaman gida, wallahi kamar kakata ce ke magana. Ni a nan na gane cewa abin da ake kira tarihi har da abin da ya faru a madafi.

Sai ka haɗa da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na 1980, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu.

Ɗan Kwangila:
To fa, an fara. Yaro ya zo neman ilimi za a tura shi littattafan soyayya. Mai POS, ka rufa wa kanka asiri.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Jukun:
Malam, ka karanta shi kuwa? Alhaki labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara ne don ya yi amarya, ta koma sana'a ta riƙe su. In wannan ne soyayya, to kotunan garin nan soyayya suke saurara kullum. Akwai tarkace a kasuwa, ban musa ba, amma ba a yi wa littafi hukunci daga hoton bango.

Ɗalibin Samaru:
Yaya, ni kan Turancin zan tsaya. Dabarar da ta fisshe ni ita ce karanta abu ɗaya da harshe biyu. Shaihu Umar akwai fassararsa ta Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967. Alhakin da Anti ta ambata ma Aliyu Kamal ya fassara shi, ya fito a 2012. Littafin Sardauna, My Life, na 1962, akwai Hausarsa, Rayuwata. Ka karanta babi da Hausa, ka koma ka karanta shi da Turanci. Tunda ka riga ka san abin da zai faru, kalmomin da kansu suke shigewa.

Kuma kada ka buɗe ƙamus kan kowace kalma, zuciyarka za ta mutu tun a shafi na uku. Ja layi da fensir ka wuce. In kalma ta dawo sau uku, sannan ka duba ta.

Wani gargaɗi: za a ce maka ka nemi tarihin Sardauna na John Paden da Hudahuda ta buga a nan Zariya a 1986. Littafi ne na gaske, amma ya kusa girman bulo. Na aro shi a Laburaren Kashim Ibrahim sau biyu, sau biyu ina mayarwa ban kai rabi ba. Bar shi sai baɗi.

Malamin Islamiyya, Gyallesu:
Ɗan uwa, Allah Ya sa albarka a niyyarka. Larabci dai ba a koyonsa daga littafi kai kaɗai a rumfa, don ba mai gyara maka baki, kuma wasalin ƙarshen kalma na iya juya ma'ana gaba ɗaya. Nemi Durusul Luga, wanda ake ce wa littafin Madina, na Dakta Abdur Rahim ɗan ƙasar Indiya, juzu'i uku ne. Da "wannan gida ne, wannan masallaci ne" yake farawa. Ka sami malami a unguwarku, darasi ɗaya tsakanin magariba da isha. Littafin nahawun nan Ajurrumiyya sai ka yi nisa, kada wani ya fara maka da ita.

Sai dai ina ganin ka ɗebo da yawa. Turanci da Larabci da tarihi da labarai, duk a dubu biyar da awa biyu? Taura biyu ba ta taunuwa. Ka sa harshe ɗaya a gaba na wata shida, labaran Hausa su zama abin hutawa. In kuma tarihin rayuwa ne, na Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne farko, Arrahiƙul Makhtum ya wadatar.

Mai Ɗinki, Tudun Wada:
Kan kuɗin, mu adashen littafi muke yi mu biyar. Kowa ya sayi ɗaya a wata, ya rubuta sunansa a ciki, mu riƙa zagayawa da su. Kuma kafin ka biya, tsaya a gaban mai shagon ka bi lambar shafi daga farko har ƙarshe, ka duba ko tawada ta dushe. Na bogi sun cika gari, ni ma an taɓa ɗora mini wanda rabinsa a kife aka buga.

Mai POS na Sabon Gari:
Kai jama'a, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na rubuta komai a bayan littafin lissafina. Malam na Gyallesu, na ji, Larabcin zan sa gaba, Turancin ya biyo ta hanyar da ƙanena na Samaru ya faɗa in lokaci ya yi. Mai ɗinki, in da gurbi a adashen ku sa ni na shida. Ɗan Kwangila, zan karanta na Anti in ba ka labari. Baba Malam, na zaga shago uku yau, na samu na uku amma na biyun ya ƙare.

Tsohon Malami, Ƙofar Doka:
Ina da na biyu, ina da Ruwan Bagaja. Aro ne, ba kyauta ba, kuma ina rubuta sunan duk wanda ya ɗauka. Ka yi mini magana ta akwati in kwatanta maka gidan, ran Asabar bayan la'asar ina nan. Ka taho da na mahaifinka in gani, akwai mai yi mini bango da kwali da gam. Kafin nan kada ka kuskura ka manna masa salatif, cinye takarda yake yi.