Zaɓaɓɓen kansaye ko naɗaɗɗe: gardamar ƴan Tawa a kan garin Aneho

Malam Abdu (Tawa): Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya Isufu ya turo murya daga Togo yana cewa garin Aneho ya gyaru tun da sunka samu zaɓaɓɓun kansaye, wato ƴan majalisar gari. Ni ban yarda ba. Babbar damuwar Aneho teku ce, tana cin ƙasa tana cin gidaje, har tsohuwar hanyar Lome ta cinye. Madatsar Akosombo da anka gama a Gana a 1965 ta tare rairan da kogin Volta ke kawowa, tashar jiragen ruwa ta Lome da anka buɗe a 1968 ta tare saura. Ruwan yana tura rairai daga yamma zuwa gabas ne, to tunda babu mai isowa sai ya ɗebi na gaɓa. Duwatsun da anka jera cikin ruwa daga Agbodrafo har Gran-Popo kuwa aikin gwamnatocin Togo da Benin ne, da kuɗin Bankin Duniya. Ina hannun kansaye a nan? Gari mai kuɗi da iko yake so, zaɓe ko naɗi duk ɗaya.

Isufu (Aneho): Wa alaikumus salam Malam. Maganar teku ba ka yi ƙari ba. Akwai wani gida da nike wucewa in za ni kasuwa, rabin bangonshi ya faɗa ruwa, taga na nan tsaye ba ɗaki bayanta. Amma mutanen nan in sun tashi da safe ba zancen Akosombo suke ba. Zancensu ina masunta za su jawo kwalekwale yanzu da duwatsu sunka canza bakin ruwa, wa ke zuba shara cikin tafkin da ke bayan gari, me ya sa kasuwa ba salanga alhali kullum ana yankan tikiti. Togo ta yi shekara 32 ba zaɓen komin, wato ƙananan hukumomi, daga 1987 sai ranar 30 ga Yuni 2019. Tsofaffin nan sun ce mini da daga Lome ake naɗo masu mutum. Yanzu kansaye ɗan unguwa ne. Na ga mata masu ƙyafe kifi sun ajiye kwandunansu ƙofar gidan wani tun da asuba, ba su tashi ba sai da ya fito ya saurare su.

Mamman (Tawa): Isufu, kai baƙo ne can, ba ka da ƙuri'a. Wace riba ka ci?

Isufu (Aneho): Ina biyan tikitin kasuwa kamar kowa, Mamman. In an taɓa rumfunanmu, dattijon zango kan je ya sami kansaye, shi kuma ya san maƙwabtanmu masu ƙuri'a suna kallonshi.

Mamman (Tawa): To mu ba mu gwada ba? Tun Yuli 2004 muke zaɓen kansaye a Nijar, har watan Afrilu 2024 da anka rushe majalisun anka naɗa masu riƙo. Kusan shekara 20 ke nan. A garuruwa da yawa abin da mutane sunka riƙe shi ne yankan filaye da rigimar jam'iyya, yau a tsige magajin gari gobe a maido shi. Wanda anka naɗa ko ba komai yana tsoron wanda ya naɗa shi.

Hajiya Ramatu (Yamai): Mamman ƙanena, wanda naɗaɗɗen yake tsoro yana Yamai, ni kuma da kanibo ya toshe ƙofar gidana ba ya tsorona. Ban ce zaɓaɓɓun duka sun yi adalci ba, wasu sun ci amana kuma mun san su. Amma mun san su ɗin, mun san gidajensu, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza. Damanar 2024 da ruwa ya rusa gidaje ko'ina cikin ƙasar nan, abin da mata suka fi tambaya shi ne wa ke rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Alhaji Idi (Tawa): Ku yi hankali da juna, yara. Abdu, akwai abin da ka bari. Bayan madatsa da tasha, ɗibar rairai a bakin teku don gini ita ma ta ƙara wa ɓarnar. Gwamnatocin Togo da Benin duk sun hana. Amma doka tana babban birni, kaminyo kuwa da dare yake zuwa, kuma mutanen unguwa ke jin ƙararshi. In ba su da wanda za su faɗa wa, dokar takarda ce kawai. Haka mu ma a nan, masu gini kan hanyar ruwa kowa na ganinsu tun ranar da sunka aza tubalin farko.

Malam Abdu (Tawa): Baba Alhaji, na karɓi wannan. Sai dai aikin ai na mai unguwa ne, kuma muna da su tun kafin a san kansaye.

Isufu (Aneho): Mai unguwa yana kai kuka, Malam, amma ba ya zama inda ake raba kuɗin komin. Can ake yanke ko a gina salanga ko a sayi mota.

Hajiya Ramatu (Yamai): Kuma dokarmu ta ce zaman majalisar komin a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara.

Mamman (Tawa): Cikinmu nan wa ya taɓa shiga, Hajiya? Ni ina jiran suna ɗaya. In mu da kanmu ba mu je ba lokacin da ƙofa take buɗe, da wane baki za mu ce an hana mu?

Hajiya Ramatu (Yamai): Wanda bai je bara ba yana iya zuwa bana, in majalisar na nan. Wannan ne nake so a maido.

Malam Abdu (Tawa): Ni dai har yanzu ban ga shaida ba. Isufu, kuɗin tikitin da kuke biya nawa ne ke komawa kasuwar? In ka samo wannan sai mu ci gaba.

Isufu (Aneho): Zan roƙi dattijon zango mu je tare in za su zauna kan kasafin kuɗi, in Allah ya yarda. Abin da na ji zan turo muku, ko ya goyi bayana ko bai goya ba.