Neman kalma: me za mu kira "free licence" a shafin farko?

Malamar Hausa, Bolari:
Assalamu alaikum. Ina cikin matsi. Mu 'yan sa-kai ne a nan Gombe, mun tattara maƙalolin Wikipedia ta Hausa a kan garuruwanmu, Dukku, Kumo, Kaltungo, Nafada da sauransu, za mu buga su littafi saboda ɗaliban da ba su da waya balle data. Mai maɗaba'a zai ɗora aiki ranar Alhamis. Shafi ɗaya ya rage, na bayanin izini. Na rubuta "littafin kyauta", sai wata ɗalibata ta ɗaga samfurin ta ce, "Malama, to me ya sa za a karɓi kuɗi?" Gaskiyarta. Takarda da tawada da ɗinki duk da kuɗi muka same su. Yaya zan faɗi "free licence"?

Mai gyara a Wiki, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Malama, cire "kyauta" tukuna. Tun 2009 rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin da ake kira CC BY-SA, kuma bai hana sayarwa ba. An yarje wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya buga, ya sayar, muddin ya ambaci marubuta, ya faɗi in ya canza wani abu, ya kuma saki nasa a kan wannan sharaɗin. Kamfanin PediaPress na birnin Mainz a Jamus da haka yake buga littattafai daga Wikipedia, sunayen masu rubutu na jere a ƙarshe. Ni "buɗaɗɗen lasisi" nake cewa. Ki kuma duba hotuna, kowanne da nasa izinin.

Tsohon mai fassarar rediyo, Kumo:
Lasisi na direba ne da mai kyamis. Muna da kalmarmu: waƙafi. Mutum ya saki abinsa domin amfanin jama'a har bayan ransa. Na daɗe ina cewa Wikipedia waƙafin ilimi ce. Ki rubuta "waƙafin rubutu", 'yata, kowace tsohuwa za ta gane.

Malamar Hausa, Bolari:
Baba, wallahi kalmar ta shiga raina.

Ɗalibin fiƙihu, Pantami:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja. Asalin waƙafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu ke cewa, shi ne gonar Sayyidina Umar ta Khaibar: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Wanda ya ga "waƙafi" a bango, ya ga ana miƙa naira, zai ce an ci amana. Matsalar "kyauta" ce ta dawo, har ta fi nauyi, don yanzu addini ya shigo.

Tsohon mai fassarar rediyo, Kumo:
Takardar ake sayarwa, yaro, ba rubutun ba. Gonar waƙafi ma ai ana sayar da amfaninta.

Ɗalibin fiƙihu, Pantami:
Haka ne Baba, amma mai waƙafi ya fitar da abin daga hannunsa. Nan kuwa marubuci yana riƙe da haƙƙin mallakarsa, izini kawai ya bayar.

Mai ɗab'i, Tudun Wada:
Ni dai abin da na sani, a gaban injina mutane kan tambaya, "An yarda in yi hoton wannan?" Ku ba su amsa a layi ɗaya. Sharaɗin nan kuwa na mutum ya saki nasa kamar yadda aka sakar masa, ni sha-ka-miƙa nake kiransa, kamar ludayin fura.

Wani daga Kano:
Ku yi hattara da ƙirƙira barkatai. Irin wannan sai a miƙa wa masana a Jami'ar Bayero su daidaita, kada kowane gari ya fito da tasa.

Tsohon mai fassarar rediyo, Kumo:
To ga shi nan. Duk ranar da mutumin Gombe ko Bauchi ya kawo kalma, sai a ce a jira Kano. Shekarun da na yi ina fassara labarai, minti kaɗan kafin a buɗe makirfo, wa na jira? Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur 'yan Bauchi ne, wa ya taɓa gyara musu Hausa?

Wani daga Kano:
Ba raini ba ne, ranka ya daɗe. Daidaitacciyar Hausa ta kowa ce. Kuma in tsarkin harshe ake bi, waƙafi ma Larabci ne.

Tsohon mai fassarar rediyo, Kumo:
Larabcin da ya kwana ɗaruruwan shekaru a bakinmu ba baƙo ba ne. Lasisi jiya ya zo.

Malamar Hausa, Bolari:
Don Allah a dawo, Alhamis jibi ce. Ga abin da na haɗa daga maganganunku: "An buga wannan littafi da buɗaɗɗen izini, CC BY-SA. Kowa na iya kwafa, gyarawa, bugawa ko sayarwa, muddin ya ambaci marubutan da ke shafin ƙarshe, ya bayyana gyaran da ya yi, ya kuma bar wa na bayansa irin wannan izini." Na ajiye lasisi saboda Baba, na ajiye waƙafi saboda hujjar ƙanena na Pantami.

Mai gyara a Wiki, Jekadafari:
Ya yi. Ki ƙara adireshin lasisin na intanet a ƙasa, yana cikin sharuɗɗan.

Mai ɗab'i, Tudun Wada:
Sha-ka-miƙa fa?

Malamar Hausa, Bolari:
Da ita zan yi wa ɗalibai bayani a aji, Alhaji. A shafin izini ina tsoron a ɗauka wasa ne.

Tsohon mai fassarar rediyo, Kumo:
"Buɗaɗɗe" ɗin nan daga Turanci aka ɗauko shi, kunnena yana ji. Amma ki buga, kada yara su rasa littafi saboda ni. In za a sake bugu, a sa waƙafi ko a gabatarwa ne. Ki aiko min kwafi biyu Kumo, zan biya.