Takardun tambaya sun taru a majalisin karatu, yaya za a yi da su?

Sakataren kwamiti:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman shawara. Karatun Risala muke yi duk Asabar tsakanin Magariba da Isha'i. Takardun tambaya kan kai 30, Malam kuwa minti 15 ke rage masa, da ƙyar ya amsa 7 a kira salla. Sauran a leda ake zuba su, mako ya zagayo wasu su hau kai. Jama'a har sun fara cewa sai wanda aka sani ake amsa wa.

Mai jan baƙi:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ledar nan ita ce ciwon. A sayi littafi, duk takardar da ta shigo a ba ta lamba, a rubuta kwanan wata, babinta (tsarki, salla, azumi, aure, ciniki, gado), da gurbin da za a sa alama idan an amsa. A rufe karɓa minti 10 da fara karatu, mutum ɗaya ya tace, kada a bar Malam yana warware takarda lokaci na tafiya. A wajen tacewa tulin zai zube, domin da yawa tambaya ɗaya ce, musamman ta ƙabli da ba'adi. A haɗe su, a kira lambobinsu tare.

Kada a bi layin zuwa. Wadda lokaci ke kashewa ita ce gaba: idda, takaba, ko zakkar fidda kai ana gab da Idi.

Malamar Islamiyya:
Malam, a duba ɓangarenmu. Takardun mata yara ake ba wa su kai, wasu a hanya suke ɓacewa, wasu kuma sai an gama tacewa suke isowa. A ajiye akwati mai kwaɗo a wajen mata, a buɗe shi kafin Magariba.

Wasu tambayoyin kuma guntaye suke zuwa, shi ya sa Malam ke tsallake su. Ta gado ba ta amsuwa sai an jero magada kaf: matar mamaci tumuni (ɗaya bisa takwas) take samu idan ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i (ɗaya bisa huɗu) idan bai bari ba, mutum ɗaya aka manta lissafi ya rushe. Irin wannan a sanar da lambarta, a ce mai ita ya ciko bayani. Ta saki kuwa, don Allah kada a karanta ta a lasifika. Sai an ji lafazin da mijin ya furta da adadin sakin da ya gabata, daga bakin su biyun, a keɓe. In akwai jayayya, gaban alƙali za su.

Dattijon unguwa:
Abin da ke ɓata ran mai tambaya shi ne shiru. In Malam na son komawa littafi, a faɗa a fili: lamba kaza sai mako mai zuwa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32. Ta ciwo kuma a ce a ga likita, a rubuta hakan a gurbinta.

A ware Asabar ɗin ƙarshen wata, ba karatu sai amsa, a fara da lambar da ta fi daɗewa a littafin.