Ranar da aka nemi mu goge bayanan mutum: kowa ya faɗi yadda ta kasance da shi

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar masu aikin sa kai da ke da rajista a ɗaya daga cikin ƙasashen Tarayyar Turai, saboda haka dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta hau kanmu kamar yadda ta hau kan manyan kamfanoni. Makonni biyu da suka wuce wani mamba da ya bar mu ya aiko da wasiƙa yana neman a goge duk abin da muke riƙe da shi game da shi, ya kuma kafa hujja da sashe na 17 na dokar. Na ɗauka aikin minti biyar ne, har sai da na zauna na fara bincike, na tarar da sunansa da lambar wayarsa a kundin mambobi, da jerin masu karɓar saƙonninmu, da takardun ma'aji, da hotunan taruka, da kuma wata tsohuwar kwamfuta da magabacina ya bari, wadda ban taɓa buɗewa ba. Doka ta ba mu wata ɗaya mu ba shi amsa, rabi ya riga ya tafi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mana yadda ya fita.

Wata ma'aji:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Na fuskanci haka sau biyu, kuma abin da na fara koya shi ne wannan haƙƙi yana da iyaka. Sashen da mutumin ya ambata shi ne dai ya ce ba za a goge abin da wata doka ta tilasta a ajiye ba, kuma takardun shigar kuɗi da fitarsu suna cikin wannan rukuni, domin dokokin haraji suna buƙatar a riƙe su na wasu shekaru. A karon farko tsoro ya kama ni, na kusa share rasit ɗin gudummawar wata baiwar Allah, Allah ya sa mai binciken asusunmu ya tare ni. Sai na rubuta mata dalla-dalla cewa mun goge adireshinta da lambarta, amma mun riƙe rasit, na faɗi dalili da lokacin da za mu lalata shi. Ba ta sake cewa komai ba. A ganina, yawancin masu aiko da irin wannan wasiƙa so suke su ji an ɗauki maganarsu da muhimmanci, kuma amsa mai bayani tana kwantar musu da hankali fiye da yi musu shiru.

Wadda ta taɓa nema:
Ni daga ɗaya ɓangaren nake, domin ni ce na aika wa wani kamfanin sayar da kaya irin wannan buƙata. Kafin in ce su goge, sai na fara neman kwafin abin da suke da shi, wanda sashe na 15 ya ba ni dama, kuma abin da ya zo mini ya girgiza ni: kowane adireshi da na taɓa zama, kowane kaya da na duba ko da ban saya ba, har da hirar da na yi da ma'aikaciyarsu shekaru uku da suka wuce a ranar da raina yake ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sun nemi in aiko da hoton fasfo kafin su goge, wato in ƙara musu bayanin da ba su da shi domin su share wanda suke da shi. Na ƙi, na ce su tantance ni ta adireshin imel ɗin da na yi rajista da shi, suka amince. Duk da haka saƙonnin talla sun ci gaba da zuwa kusan wata biyu, saboda sun ba wani kamfani dabam aikin aikawa kuma ba su sanar da shi ba, alhali doka ta ɗora musu nauyin sanar da duk wanda suka miƙa wa bayanan. Malam Sakatare, don Allah ka duba ko akwai wanda kuka taɓa ba jerin sunayenku.

Mai kula da kwamfutoci:
Hajiya ta yi gaskiya a kan fasfo, sai dai tantancewar kanta ba abin wasa ba ce. An taɓa aiko mana da buƙatar kwafin bayanai da sunan wata mata, daga baya muka gano tsohon mijinta ne yake neman sabon adireshinta, kuma da mun yi gaggawar nuna bin doka da mun jefa ta cikin haɗari. Game da ajiyar ko-ta-kwana da ake yi wa kwamfuta, wato kwafin bayanai da ake adanawa don gudun ɓacewarsu, ba ma buɗe kowace tsohuwar ajiya don cire mutum ɗaya. Muna rubuta cewa an goge shi, mu bar ajiyar ta ƙare wa'adinta, idan kuwa aka dawo da ita sai mu sake cire shi nan take, kuma muna gaya wa mai buƙatar haka a fili. Maganar tarar Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara, wadda take hana mutane barci, ita ce ƙololuwar hukunci, kuma hukumomi suna la'akari da girman laifi da irin ƙoƙarin da aka yi.

Sakataren ƙungiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambayar Hajiya ta tuna mini cewa bara mun ba wata maɗaba'a sunayen mambobi don buga katin shaida, kuma yau da safe na rubuta musu. Hotunan taruka ne suka fi ba ni wahala, domin tsohon mamban yana tsaye a tsakiyar mutane goma sha biyu, don haka na tambaye shi ko rufe fuskarsa ya wadatar, ya ce ya yarda. Tsohuwar kwamfutar kuwa, na tarar da sunayen mutane da yawa da suka bar mu tun da daɗewa, waɗanda babu wani dalilin riƙe bayanansu, kuma zan gabatar wa kwamitinmu batun share su a zaman mako mai zuwa.