Ni mataimakin Alhaji ne ko yaron gida? Don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Tawa ne, shekara 3 ke nan ina aiki Yamai wurin wani Alhaji mai shigo da kaya, abokin mahaifina ne tun suna samari, tare sunka yi fatauci, lokacin da baba ya rasu shi ya yi ɗawainiyar komi har sadakar arba'in, kuma shi ya kira ni da na gama karatu ya ce in zo in riƙe mishi biro. Aikin da munka yi magana shi ne ajanda da randebu, amsa waya, wasiƙu da faransanci, biyen jirgi da otal in zai tahi. Tun da aka ruhe iyakar Benin a 2023 kaya sunka koma bi ta Lome da Burkina, aiki ya ninka, ni ke bin taransite, masu fiddo kaya daga duwan, da takardun duwan har tsakad dare. Yanzu kuma ni ke ɗauko yara lekol, ni ke cefanen Hajiya, ragon Layya ma ni na sayo. Watan jiya ya ba ni miliyan 2 da baki kawai in aika Lome, bayan sati biyu ya tambaye ni ina kuɗin gaban baƙi. Allah ya sa resi na cikin wayata. Tun ranar ba ni barci. Albashina jikka 90, babu takarda. In yi magana ko in yi shiru?

Tanti Mai Ritaya: Ɗana saurara. Shekara 28 na yi ina sakatariyar darekta, na san aikin nan ciki da waje. Mataimaki aikinshi ya tsare lokacin maigida da takardunshi da sirrinshi, shi ke nan. Cefane ba ya ciki. Dokar ƙwadago ta 2012 awa 40 ta ce a sati, abin da ya wuce nan biyanshi ake. Kuma dole ne ya yi maka rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ya yi? Gobe ka sayi kaye, littafin rubutu, duk dalar da ta shiga hannunka ka rubuta rana da adadi ya sa hannu.

Mai tambaya: Tanti bai yi ba, amma ba mugun mutum ba ne wallahi. Shi ya biya aikin da aka yi ma innata asibiti. Ƙaƙa zan miƙa ma abokin babana kaye in ce sa hannu?

Ɗan Bukoki: Malam gode ma Allah. Mafi ƙarancin albashi jikka 42 ne tun 2024, kai kana ɗaukar 90. Ni da digiri na jami'ar Abdou Moumouni shekara 4 ina kai takardu ANPE, ofishin neman aiki, yau adaidaita nake ja. Haƙuri dai.

Maman Biyu: Ni haka ta faru da mijina, shekara 9 yana bin wani mai kuɗi kamar inuwa, ranar sunan 'yan biyunmu ma yana Maradi wajen aikenshi, da mutumen ya rasu 'ya'yan sunka karɓe makullin mota da waya rana ɗaya, ko na gode babu, har yau hayar gida muke fama da ita, ni ke saida ƙanƙara da bisaf muna ci. In na tuna sai hawaye.

Tanti Mai Ritaya: Kun ji ko? Abin da nake faɗi ke nan. Ɗan Bukoki, haƙuri ba ya biyan fansho. Ɗana, aikin asibiti kyauta ce, Allah ya saka mishi, amma kyauta daban haƙƙi daban. Ran da resi ya ɓace sunanka ɓarawo cikin Yamai duka. Ka nemi kwantara a rubuce, in ya ƙiya ga ofishin sifeton ƙwadago nan.

Malam na Wadata: Hajiya a yi a hankali. Kai ƙarar wanda ya riƙe ka kamar ɗa ba tarbiyyarmu ba ce. Amma maganar rubutu gaskiya ce, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka samu dattijo cikin danginku ya yi mishi magana cikin mutunci.

Ɗan Bukoki: Dattijo na shiga magana ta zama ta dangi, Alhaji zai ce yaron ya kai shi ƙara gida. Ka bari kawai.

Wata 'Yar Uwa: Tambaya ɗaya, mi ya sa ya yi maka tambayar gaban baƙi? Mantuwa ce ko wani ya kai sukarka? Kuma da ka nuna resi mi ya ce?

Mai tambaya: Wannan dogon zance ne, akwai ƙanen Hajiya da ke son wurin amma ba ni son shiga nan. Ni ba kuɗi nike nema ba, kuma ɗauko yaran ni na fara da kaina ranar da direba bai da lahiya, yaran sun saba da ni. So nike kawai ya san inda aikina ya tsaya ba tare da ranshi ya ɓaci ba.

Tanti Mai Ritaya: To ai ka ɓoye muna rabin labarin. In akwai mai neman kujerarka kaye ya zama wajibi yau ba gobe ba. Ni duk darektan da na yi ma aiki da kaye na fara, ba wanda ya kore ni.

Mai tambaya: Tanti ke gwamnati kika yi ma aiki, ni gidan mutum nike. Ga shi ma yana kira yanzu, jirginshi na Lome ƙarfe 6 na safe kuma ban gama haɗa takardun ba. Malam, dattijon na wajen uwa ya fi ko na wajen uba?