Ina kuke kai fushinku in an ɗauke wuta?

Telar Sabon Tasha: 'Yan'uwa cikin Kristi, ku ba ni shawara. Ɗinki nake yi a Kaduna. Saura kwana huɗu bikin zumuntar mata, anko goma sha biyu a hannuna, wuta kuma tun Talata ba ta leƙo ba. Jiya yarinyata ta ƙona gefen zane da dutsen guga na gawayi, na zazzaga mata masifa har ta yi kuka. Ni ce kuwa mai jan waƙa ran Lahadi! Da daddare na kasa ko buɗe baki in yi addu'a. Ku yaya kuke yi?

Baban Tagwaye: Sannu Mama. Duba Yunusa sura 4. Annabi guda ya yi fushi har yana roƙon mutuwa don tsiron da ke masa inuwa ya bushe. Allah bai kore shi ba, tambayarsa ya yi ko daidai ne ya yi fushi. Ni direba ne, a layin mai nake yi wa kaina wannan tambayar, wani lokaci ma sai bayan na riga na danna hon.

Kakar Yara: 'Yata, Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kina cikin fushi. Kira yarinyar ki ba ta haƙuri, girmanki ba zai zube ba. Ki kuma faɗa wa shugabar mata gaskiya tun yau.

Telar Sabon Tasha: Na gode Kaka. Na ba ta haƙuri da safe, ta yi dariya. Wurin da ya ƙone na yanke, zai ishi ɗankwali.