Neman shawara: ina son yanke bayan CG125 ɗin mahaifina in mai da shi irin na da

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni taɓa ƙarfe.

Akwai Honda CG125 da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bari. Shekara shida ke nan yana jingine a ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Makon jiya na fito da shi. Tayoyin sun sace, sarƙar ta ƙage da tsatsa, in ka buɗe murfin tanki wani wari ne ke bugo ka kamar na tsohon fenti. Amma da na taka kik sai ya juya, injin bai kame ba. Igiyar robar da yake ɗaure kaya da ita ma tana nan naɗe a kariya yadda ya bar ta.

Ba zan sayar ba, kuma ba na son ya ci gaba da ruɓewa. So nake in mai da shi irin baburan samarin Ingila na shekarun 1960, waɗanda ake ce wa kafe resa: gajeren sirdi mai tozo a baya, hannu ƙasa-ƙasa, babu tarkace. Ina da girandi da sifanu, wani aboki kuma zai ara mini injin walda. Shirina shi ne ranar Asabar in datse bayan firam, in cire akwatin iska in sa ƙaramar filta a bakin kafireta, sannan in yi wa tankin walda don akwai wata 'yar ƙofa a ƙasansa da ke tsattsafo. Ban taɓa yin walda ba sai kallo. Ta ina ya kamata in fara?

Tsohon bakanike:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi maka albarka da ka tuna da kayansa. Ɗana, ajiye girandin nan tukuna. Babur ɗin da ba ka ji kukansa ba, ba ka san abin da kake gyarawa ba. In ka yanke shi, ka kwance waya, ka canza filta, sannan ya ƙi tashi, wa za ka kama? Ba za ka san ko tsohon ciwo ne ko kai ka jawo ba.

Ka yi sa'a da irin injin. Honda ta fito da CG a 1975 ne bayan ta lura cewa a ƙasashe da yawa mutane ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci, injin da kam ɗinsa, wato ƙarfen da ke buɗe bawul, yake a sama kuwa ba ya jure wannan. Sai suka sauko da kam ɗin ƙasa, suka sa sanduna suna tura bawul. Shi ya sa yake da taurin rai. Ka zubar da tsohon baƙin mai, ka wanke 'yar ragar da ke bayan babban murfin juye, ka zuba sabo. Ka cire fulogi ka ɗiga mai kaɗan a cikin silinda, ka taka kik a hankali sau goma ko fiye don ringi su saki. Ka kwance kafireta ka wanke ta, musamman ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi, domin shi ne tsohon fetur ke fara toshewa. Bawul kuma ka saita su injin na sanyi, milimita 0.08, na shiga da na fita. Kada ka ba shi mai daga wancan tankin, rataya gora da tiyo ka tashe shi da sabon fetur. In ya tashi ka saurara: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin yana shan baƙin mai, ka ga aikinka na farko ya bayyana, kuma ba a bayan firam yake ba.

Mai walda:

Ƙanina, na ga maganar tanki ne na kasa wucewa. Don Allah kada ka kusantar da wuta ko girandi wurin tankin nan. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur da ya gauraya da iska shi ke fashewa, kuma warin da ka ce kana ji shaida ne yana nan. Ina yaron shago na taɓa ganin an ɗauraye wani tanki da ruwa sau biyu, aka ce ya yi. Wuta na taɓa shi ya yi ƙara, ya buɗe ta wurin haɗin ƙasa kamar an ɓare gyaɗa, murfin ya tashi ya bugi rufin kwano. Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasa ido, amma har yau ina jin ƙarar. Kuma ka sani, inda ka ga ƙofa ɗaya a ƙasan tanki, tsatsa ta riga ta cinye kewayenta ta ciki, ƙarfen ya zama kamar takarda. Ko ka kai wa wanda aikinsa ke nan, ko ka nemi wani tanki mai lafiya.

Batun firam kuwa, ana yankewa, ni ma na yanke da yawa. Amma akwai iyaka. Dubi inda kan shokozoba biyu suke ɗaure a sama. Daga nan zuwa gaba ba naka ba ne, nan ne nauyinka da na hanya suke sauka. Abin da ke bayan wurin ne kaɗai ake taɓawa, shi ma ba a barin sa a buɗe, ana lanƙwasa faif a rufe bakin biyu, a zura gajeren ƙarfe a cikin kowane haɗi kafin walda don kada ya karye daidai ɗinkin. Kafin ka ja layin yanka, ka ɗaga babur ɗin, ka kwance shokozoba, ka ɗaga tayar baya da hannu zuwa inda za ta kai in shokozoba ta matse gaba ɗaya. Ka auna abin da ya rage tsakaninta da inda sirdi zai zauna. Mutane da yawa a tsaye suke aunawa, komai ya yi kyau, ramin farko taya ta daki faif ɗin ta kame.

Waldarka ta farko kada ta zama a kan abin da zai ɗauke ka a guje. Koyi a kan guntayen ƙarfe, ka sa guduma ka karya ɗinkin ka ga ko ya shiga ciki ko a sama kawai ya zauna. Ranar da za a yi ta gaske a cire batir da akwatin CDI mai ba fulogi wuta, in naka mai shi ne. Lambar da ke wuyan firam kuma kada girandi ya taɓa ta, ita ce ke daidai da takardun babur ɗin.

Wani da ya gina nasa:

Ni ban yarda a tsorata shi har ya fasa ba. Ɗan uwa, abin da kake so mai yiwuwa ne, nawa ma a tsakar gida na haɗa shi. Sai dai ka san asalin siffar da kake kwaikwayo. Samarin da ke taruwa a Ace Cafe a Landan burinsu shi ne su kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Shi ya sa suke sa injin Triumph a firam ɗin Norton, su kira shi Triton, su kwanta a kan tanki don iska ta wuce. CG ɗinka in ya kai kilomita 100 ya yi ƙoƙari. Kwanciyar nan ba za ta ƙara maka gudu ba, wuyan hannu da ƙugu ne za su biya. Na sa irin hannu ƙasa-ƙasan da kake so, wata biyu na cire. In ka karya kan sosai yana dukan tanki, yatsana ya sha matsa. Kuma in ka sauke hannu ba ka mai da matakan ƙafa baya ba, gwiwarka da gwiwar hannunka sai sun haɗu.

Abin da ya fi dacewa da CG a ganina shi ne salon Japan da ake kira birat: sirdi shimfiɗaɗɗe siriri, hannu madaidaici mai ɗan faɗi, ƙaramar fitila zagayayya. Kamannin da ɗin yana nan, kuma kana iya ɗaukar mutum.

Filta kuma, gaskiya ta wahalar da ni. Da na cire akwatin iska, iskar ta yi wa fetur yawa. In na murɗa totur sai ya shaƙe kafin ya ɗauka, salansa na ta tas-tas in na saki, injin ya yi zafi. Na ciro fulogi na gan shi fari fat, alhali kalar ƙasa-ƙasa ake so. Sai da na sayi jet manya guda uku ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya kafin ya daidaita. Ruwan sama kuwa kai tsaye yake shiga. Da yau ne, barin akwatin zan yi in rufe shi da murfin gefe mai kyau.

Wata 'yar uwa mai hawa:

Yaya, ban ga wanda ya yi maganar tsayawa ba. Dubi gefen tayoyin, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, mako na 23 ne na 2015. Ko zanen bai cinye ba, robar ta bushe, canza su da tub ɗinsu. Ka buɗe birki gaba da baya, domin takalmin birkin da ya daɗe a ajiye fatarsa kan ɓamɓaro daga ƙarfen ta cije wili. Kebur ɗin birki da na kuloci ma sababbi. Madigadin gaba kada ka jefar don ado, ƙarfensa yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu kada su murɗe. In ya yi maka tsawo, rage shi. Sannan duk abin da ka kwance ka ɗauki hotonsa tukuna, ka sa notinsa a leda ka rubuta suna. Kayan asalin kuma ka adana su, na mahaifinka ne.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Asabar ta zo ta wuce ban kunna girandi ba. Baba bakanike, na bi abin da ka ce daki-daki. Ƙaramin jet ɗin a toshe yake ƙam, sai da na jiƙa shi ya kwana. A taku na bakwai ya tashi. Ya yi hayaƙi na 'yan mintoci sannan ya washe. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki da ta ji ƙarar, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba har na kashe.

Oga mai walda, na yi awon da ka ce. Inda na ja layi da alli tun farko, taya za ta kusa taɓa faif ɗin, saura bai kai yatsa ɗaya ba. Na goge layin. Tankin kuma na haska tocila a ciki, ƙasan duk ya yi ja, zan nemi wani. Hajiya, lambar tayar baya 4112 ce, kuma fatar birkin gaba ɗaya ta rabu da ƙarfenta a hannuna ina buɗewa.

Na koma ga shawarar sirdi shimfiɗaɗɗe, akwatin iska zai zauna. Abu ɗaya ya rage mini: ina son in bar kariyar da igiyar robar a kanta. Akwai wanda ya taɓa haɗa siririn sirdi da kariyar asali ba tare da an yanke firam ɗin ba? In akwai, ya nuna mini yadda ya ɗaure farantin sirdin ta ƙasa.